Gida Goma Sha Ɗaya da Igiyar Shanya

Zuwa ga hasken tsakar gidana, inuwata a tsakiyar rani, ruwan randata mai sanyi, farin watan da ya ƙi leƙowa yau kwana shida cur. Zuwa ga telar da ta auna zuciyata, ta yanka, ta ɗinke daidai jikinta tun shekara goma sha tara da suka wuce, ba ta bar mini ko ƙyallen da zan yi faci da shi ba. Zuwa ga matata, abin ƙaunata, abin alfaharina, kuma, Allah shi ne shaida, ciwon kaina.

Ina gaishe ki gaisuwar da na san ba za ki amsa ba. Ki dubi abin da kika mayar da ni! Mutumin da ba ya taɓa biro sai in zai sa hannu a takardar mota, yau ga shi zaune a gaban motar kwasar kaya, ya ɗora takarda a kan sitiyari, yana rubuta wa matar da tsakanin ɗakinsa da inda take kwana taku bakwai ne kacal. Matan mutane in sun yi fushi gidan iyayensu suke tafiya, miji ya sa rigar kirki ya bi su da ban haƙuri. Ke kuwa kika naɗe shimfiɗarki kika koma ɗakin Inna. Inna tawa, wadda ta haife ni! To ni yanzu wa zan kai wa ƙara? Na shiga gaishe ta da safe, na tarar da ke zaune kina matsa mata ƙafa, kika juya mini ƙeya, ita kuma ta ce wai kin ce a gaya mini abincina yana kan tebur. An taɓa yin haka a duniya, a mayar da uwar miji 'yar aike?

Ba don lokaci ya ƙure ba, da na bar ki kin sha fushinki har kin ƙoshi, domin ko fushin ma kyau yake miki. Amma kin san jan fentin da aka shafa a katangarmu ba ado ba ne. Kwana tara suka rage katafila ta iso, sabon titi zai bi ta kan ɗakin girkinki ya fita ta inda nake ajiye mota. Maƙwabta duk sun watse, kuma ni na kwashe su da hannuna, gida bayan gida: mai gyaran rediyo, malamar makaranta, tsohon nan mai kaji. Layin da a da yara ba sa barin mutum ya yi barcin rana, yanzu in ka yi tari sai ya dawo maka. Mu kaɗai muka rage, mu da kuliyoyi. Direban da ya sauya wa rabin garin nan gida shi ne ya rasa inda zai kai nasa kayan, har abokan aikina a tasha sun fara tsokanata wai in ba su aikin, ƙila ni hanya ce ban sani ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, babu wanda ya kai ni sanin unguwannin garin nan. Masu rubuta jerin unguwannin da suka fi daɗin zama, irin wanda ake ta tura wa mutane a waya, su hoton ƙofar gida suke gani. Ni kuwa ƙarƙashin gado nake gani. Shekara ashirin da biyu ina shiga gidajen mutane a ranar da babu labule, babu ɓoye-ɓoye. Na san unguwar bayan sabuwar gadar sama tun tana gonakin mutane, yau ga ta da fitilun titi har da masu sayar da furanni. Na san unguwar bakin rafi, wadda kowane rani nake kai mutane cikinta suna murna, kowace damina in koma in kwaso su katifa tana ɗigar ruwa, sun yi gudun gara sun faɗa gidan zago. Na san rukunin gidajen kan tudu masu dogon get, inda maigadi ya fi maƙwabcinka sanin fuskarka. Na taɓa kwashe wani bawan Allah da ya shekara bakwai a can, babu wanda ya leƙo ko ta taga, kare ne kawai ya raka mu bakin titi. Tsakiyar gari kuwa, gidan da ka kai wa gado da kabad bara, bana kantin sayar da waya ne. Garin nan sauya riga yake yi ba dare ba rana, amma ma'aunina guda ne kuma bai taɓa yaudarata ba: unguwa ba a saninta ranar shiga, sai ranar fita. Ka tsayar da mota, ka ƙirga mutanen da suka fito ɗaukar kaya ba tare da an kira su ba.

Da wannan ilimin nawa na ɗauke ki muka shiga gari da dillali, ke da tef ɗin awonki a wuya kamar za ki ɗinka wa gidan riga. Gida goma sha ɗaya, ya sanyin idona! Goma sha ɗaya! Na farko, a bayan gadar sama, kwalta har bakin ƙofa, kika durƙusa kika auna dokin ƙofar, kika miƙe kika ce iskar unguwar ba ta yi miki ba. Iska! Na biyu tayil ne fari ƙal tun daga ƙofa har banɗaki, kika tsiyaya masa ruwan gorarki, kika goga ƙafa a kai, kika ce fari saurin datti gare shi. Na uku kika ce banɗakin ya yi nisa, sai ka ce mota za a hau. Wanda ke kusa da kasuwa, mai rijiya a tsakar gida, wanda ni har na fara raba ɗakuna a zuciyata, ko shiga ba ki ƙarasa ba, kina hango bakin rijiyar kika ce sauro. Akwai wanda kika yi ta zirga-zirga tsakanin ɗaki da famfo leɓɓanki suna motsi, na ɗauka addu'a kike yi wa gidan, har na fara cewa amin a raina. Kika gama kika ce launin ƙofar bai kwanta miki ba. Ƙofa ai fenti ce, ranki ya daɗe, gwangwani ɗaya ya ishe ta! Dillali, mutumin da bakinsa bai taɓa gajiya ba tun da na san shi, sai da ya ja ni gefe ya tambaye ni a hankali ko dai maiɗakin nawa ba ta son tashi ne gaba ɗaya.

Na goma sha ɗayan shi ya haɗa mu. Bene ne a can kan tudu. Ni da kaina na san ba unguwar masu fitowa ɗaukar kaya ba ce, amma na gaji, kuma ba zan ɓoye miki ba, ina son a ce ni ma na kai ki inda ake kwatance da shi. Ruwa ba ya yankewa, taga ta ko'ina, kana hango gari kamar an shimfiɗa shi a faifai. Na haye da gudu kamar yaro, na leƙo ta taga ina ƙwala miki kira: ga inda za a sa keken ɗinkinki, haske zai riƙa sauka a kan allura, ga ɗakin Inna, ta riƙa zama bakin taga tana kallon gari har ta gaji. Ke kuwa kina tsaye a gindin matakala, ko ƙafa ba ki ɗora ba. Kika ɗaga kai kika ƙirga su, kika ce ashirin da biyu, kika juya kika koma mota. A nan raina ya ɓaci. Na sauko, a gaban dillali da maigadi, na ce ke ba gida kike nema ba, fitina kike nema. Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai da na ƙara da cewa a shekara ashirin da biyu ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyinki ba. Magana zarar bunu ce. Kika naɗe tef ɗinki kika sa a jaka, kuma daga ranar ban sake jin muryarki ba sai in da Inna kike magana.

Kaya! Ni na kira ki kaya, ni da na fara ganinki a cikin kaya na rasa hankalina. Kin tuna ranar? Ina matashin direba aka kira ni in kwashe gidan mahaifinki. Aka ce ki shiga gaba, kika ƙi, kika haye baya kika rungume keken ɗinkinki kamar jariri. Duk ramin da na faɗa sai in ji an buga rufin mota sau biyu, sai kuma murya ta biyo baya: "Malam direba, keke ne fa, ba buhun gawayi ba." Na duba madubi, na ga fuska kamar hantsi bayan an ɗauke ruwa, da ido biyu suna hararata. Wace irin harara ce wannan, da ta shiga ta madubi ta zauna a ƙirjin mutum ba ta fita ba har yau? Tafiyar minti ashirin sai da na mayar da ita ta awa guda, na ce wa mahaifinki, Allah ya ji ƙansa, an rufe hanya. Ba a rufe komai ba, masoyiyata. Yau na faɗa miki gaskiya.

Yanzu bari in zo kan igiyar shanya, domin ita ce dalilin wannan takarda. Shekara ɗaya da rabi ke nan da kika kwance ta daga sama inda take, kika ɗaura ta ƙasa-ƙasa, daga ƙofar Inna zuwa banɗaki, daga nan ta karya zuwa famfo, daidai maƙogwarona kamar da tef kika auna. Sau nawa ta shaƙe ni ina sauri? Sau nawa ta cire mini hula ta jefa a ruwan wanke-wanke? Na ce a ɗaga ta, kika ce hannunki ba ya kaiwa, ke da kike sauko da kwali daga kan kabad ba tare da kujera ba. Na ce to me ya sa ba kya shanya komai a kanta, duk wankin yana waccan igiyar ta bayan ɗaki, kika ce ba ruwan maza da igiya. Ranar da na matsar da bokiti daga kusurwar famfo kuwa, kika yi mini faɗa kamar gidan na sayar. Na sa duk wannan a cikin tsirfarki, na ce in dai ana son mutum sai a so shi da igiyarsa.

Jiya da hantsi, kin fita kai ɗinki, na ce bari in rage aiki in fara haɗa kayan tsakar gida. Da igiyar na fara, kuma da mugunta na fara da ita, ina cewa a raina yau dai na rama. Na kwance ta na naɗe a hannu. Sai ga Inna ta fito daga ɗaki da butarta. Ta ɗaga hannu inda igiyar take, hannun ya kama iska. Ta sake lalubawa. Ta matsa taku ɗaya, ta tsaya cik. Ina tsaye a gabanta, tsakaninmu bai fi taku uku ba, rana tarwai, ga farar riga a jikina. Idonta a buɗe, yana kallon daidai kafaɗata, amma ya wuce ta cikina kamar ni taga ce. Sai ta kira ki a hankali, da wata 'yar murya da ban taɓa jin ta a bakinta ba: "'Yar nan? Kina kusa?"

Na mayar da igiyar a ƙusoshinta, na karkato da ita har ta taɓa bayan hannunta. Ta damƙe ta, ta sauke numfashi, ta ce:

"Iska ce ta tsinke ta ko? Ki ɗaure da kyau kafin ya dawo. Kuma kada ki gaji da riƙe mini alkawari, 'yar nan. Yaron nan tun safe har yamma kayan mutane yake ɗauka. Ba na so ya dawo gida ya tarar da wani kayan."

Ta yi taku biyu, ta tsaya, ta ja hanci, ta ce ki rage wanke mini kayan aiki da hannu, warin man mota ya fara kama ki. Sannan ta bi igiyarta ta wuce. Har yanzu ban sani ba ko ta gane ni ne ta rufa mini asiri, ko da ke ta ɗauka take magana. Kin san halinta, duka biyun za ta iya.

Na fita na shiga mota, na ɗaga gilashi, na yi kukan da ban yi irinsa ba tun rasuwar Baba. Sai gidajen nan goma sha ɗaya suka riƙa wucewa ta gabana ɗaya bayan ɗaya. Dokin ƙofar da za ta yi tuntuɓe da shi. Santsin tayil in ya ji ruwa. Rijiya buɗe a hanyar banɗaki. Leɓɓanki da ke motsi, ashe taku kike ƙirgawa. Matakala ashirin da biyu, ni kuma ina sama ina ihu wai ga tagar da Inna za ta riƙa kallon gari! Rashin sani ya fi dare duhu. Ni mai ganin ƙarƙashin gadon mutane, kullum ina durƙusawa gaban uwata in gaishe ta, ta amsa da sunan da take kirana tun kafin in buɗe baki, ban taɓa tunanin ƙarar makullaina take ji ba. Ta daina yi mini faɗan aski, ta daina cewa rigata ta yi datti, na ji daɗi, na ce tsohuwa ta fara saukowa. Na ji kunya, masoyiyata, irin kunyar da ba ta da wurin ɓuya.

Amma kada ki ɗauka da ban haƙuri zalla na zo. Ina da faɗa, kuma faɗan nawa ba kaɗan ba ne. Haba! Shekara ɗaya da rabi! Muna ci tare, muna kwana ɗaki ɗaya, kina ɗauke da wannan dutse a ƙirji, ni kuma ina gefenki ina ƙorafin hula? Kin gwammace in ɗauke ki mace mai tsirfa, dillali ya ɗauke ki mai wahalar sha'ani, maigadin da bai san ki ba ya ji ana ci miki fuska, da ki saki alkawarin tsohuwa. Na sani, kyan alkawari cikawa. Amma ko inkiya ba za ki yi mini ba, ke da idonki kaɗai ke sa in san na yi laifi tun daga bakin ƙofa? Iska! Sauro! Launin ƙofa! Tela guda, ƙaryarki ko ɗinki mai kyau ba ta samu ba, kuma abin haushin duk da haka na saye ta. To in kwana taran sun cika ban gano ba fa, mene ne shirinki? Za ki tsaya gaban katafila da tef ki ce mata iskar ba ta yi miki ba? In da na yi taurin kai na karɓi benen nan fa, goya ta za ki riƙa yi safe da yamma ki ce mini motsa jiki kuke yi?

Sannan ido abin wasa ne? Ku biyu kun zauna a ɗaki kun yanke hukunci kamar babu likitan ido a garin nan. Wataƙila yanar ido ce, irin wadda ake cirewa mutum ya koma ganin allura. Wataƙila kuma ba ita ba ce. Ta yaya za mu sani muna zaune muna ɗaura igiya? Mai taurin kai ta haife ni, na je na auro mai taurin kai, an sa ni a tsakiya kamar katifa tsakanin kabad biyu. Ga shi ina jin haushinki kamar in yi ihu, kuma ban taɓa son ki kamar yau ba. Ki gaya mini, ya kurciyar zuciyata, ina mutum zai kai irin wannan?

To ki ji abin da na yi. Yau da safe na kira dillali na ce ya bai wa mai so benensa. Sannan na koma ga ma'aunina, wanda na watsar saboda son a yi kwatance da mu. Wata uku da suka wuce na kwashe wani kafinta daga unguwar bayan tsohon tankin ruwa, wadda babu mai sa ta a jerin waya. Ranar na ƙirga mutum goma sha huɗu da suka fito ɗaukar kaya, har da wata tsohuwa da ta ɗauki murfin tukunya don kada a ce ita ba ta ɗauki komai ba. Gidan yana nan babu kowa, na je na karɓi makulli wurin mai shi. Ba zan yi miki daɗin baki irin na dillalai ba. Titin babu kwalta. Akwai masu walda a bakin layi, ba sa hutawa sai sun ji yunwa. Kwatar ƙofar gida tana wari in rana ta take. Rufin ɗakin girki yana yoyo, tagar ɗakin da za ki yi ɗinki ƙarama ce, sai na fasa bango na faɗaɗa ta. Launin ƙofar kuwa mummuna ne ƙwarai, wannan karon da gaske. Amma ƙasa ce shimfiɗe tun daga waje har ciki, siminti mai kaushi, babu dokin ƙofa, babu rijiya, famfo kuma a kusurwar dama kamar namu.

Na tsaya a ƙofar ɗakin da zai zama na Inna, na rufe ido, na riƙa takawa da gajeren taku irin nata. A gidanmu goma sha uku ne zuwa banɗaki, jiya na ƙirga. A can goma sha biyar. Sau biyu na yi karo da bango, goshina yana nan da ƙulu, ki zo ki gani ki huce. Daga nan na ce bari in gwada waje, domin Inna ba fursuna ba ce, za ta so ta zauna a ƙofar gida ta sha iska. Na fito layi ido rufe, ƙato da gemu, hannu a gaba ina lalube, ina jiran in ji dariya. Sai na ji an janye wani abu daga gabana, muryar mace ta ce, "Bawan Allah, yi dama kaɗan, akwai kwata a hagunka." Na buɗe ido. Maƙwabciya ce tana wanki, bahonta ta janye mini daga hanya. Ta dubi idona garau, ta dubi makullin da ke hannuna, ta tambaye ni wane ne ba ya gani a gidanmu. Cikin minti ɗaya ta gane abin da na shekara ɗaya da rabi ban gane ba! Ba ta jira amsata ba. Ta dai ce kafin mu shigo mijinta zai rufe kwatar da katako, ta ci gaba da wankinta.

Wannan ita ce unguwar da ta fi kowace a garin nan, in ni aka tambaya. Amma ba ni ne mai yanke hukunci ba, na riga na nuna iyakar ganina. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ke ce mai ɗakin nan tun ba yau ba. Ki zo gobe da tef ɗinki, ki durƙusa, ki auna, ki zuba ruwa, ki ƙirga. In bai yi ba ki faɗa mini dalilin gaskiya, mu nemi na goma sha uku, ba zan ce tak ba ko da za mu kwana a mota. Maganar Inna kuwa, ba zan nuna mata na sani ba sai ranar da ita ta ga dama, ba ke kika karya alkawari ba, igiya ce ta tona. Amma likita dole ne, cikin makon nan. Ki ce mata ni ne idona ke da matsala, ku raka ni asibiti ku biyu. Wannan ko ƙarya ba ce ba.

Kalmar nan da na faɗa a gindin matakala, na janye ta, na tattake ta, da ana haɗiye magana da na haɗiye ta ko za ta tsaya mini a wuya. Ashe duk shekarun nan ni nake tuƙi, ke kike ɗauke da gidan. Ki dawo, ya damina bayan dogon rani. Ɗakin nan ya yi mini faɗi, gadon ya yi mini sanyi, kwana shida ko bakin zaren da nake tsinta a jikin rigata ban gani ba. Ashe ƙarar kekenki da nake cewa tana hana ni barcin rana ita ce take sa ni barcin? Ki dawo ki yi mini faɗa da bakinki, ki harare ni da idon nan biyu, ki ce na tsaya miki a haske. Na gaji da jin saƙonki a bakin uwata, ita ma da alama daɗin aikin take ji.

Zan sa takardar nan a ƙarƙashin ƙafar kekenki, inda na san ba za ki rasa ganinta ba. Kada ki karanta ta a ɗakin Inna, kunnenta ya fi idon mutum goma. Gobe da hantsi zan zauna a mota a ƙofar gida. In kin yafe, ba sai kin yi magana ba, kuma don Allah kada ki aiko Inna. Ki buga rufin motar sau biyu kawai, zan gane.

A aikinmu, abin da za a fara buƙata a sabon gida shi ake ɗorawa ƙarshe a mota. Ranar tashi, igiyar nan ce ƙarshen hawa, ita ce farkon sauka, kafin gado, kafin tukunya, kafin ma kekenki. Na riga na sayi ƙusoshi. Ke za ki ɗaura ta da hannunki, daidai tsayin da take yanzu, kada ki ɗaga ta ko da ɗan yatsa ɗaya. Ni zan riƙa sunkuyawa.

Naki ne ni jiya da yau, a kowace unguwa aka kai mu, har ranar da za a yi mini tashin da ba a ɗaukar kaya.

Direbanki mai ƙulu a goshi.